Zan ajiye aikina a Legas in koma Gombe saboda mahaifiyata: in dawo ko in zauna?

Tambaya: Shekarata 41. Shekara 14 ke nan ina aiki a wani kamfanin rarraba kaya a Legas, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Bara Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Inna tana garin Kumo a Jihar Gombe, tana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma ni ne babba namiji. Hankalina duk ya koma gida. Ina tunanin in ajiye aikin, in haɗa abin da na tara da kuɗin fansho, in dawo in kama harkar hatsi ko noma. Maiɗakina ba ta ce a'a ba, amma ba ta ce to ba. Me kuke ba ni shawara?

Amsa:

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba Inna lafiya mai ɗorewa.

Ƙanena, ni a ganina ka dawo. Sai dai ba ta hanyar da ka zayyana ba, kuma ba a cikin watan nan ba. Na daɗe ina aikin kula da ma'aikata da lissafin haƙƙoƙinsu, yanzu kuma ina zaune a nan Gombe ina duba wa masu ƙananan sana'o'i lissafin kuɗinsu, saboda haka masu dawowa gida daga Legas da Abuja da Fatakwal sun sha zama a gabana. Wasu sun dawo sun miƙe, har sun ɗauki wasu aiki. Wasu kuwa kafin shekara biyu mota ta tafi, fili ya bi ta, suka koma neman irin aikin da suka bari da hannunsu. Na farkon sun san inda abincin gidansu zai fito tun kafin su ɗaure kaya. Na biyun sai da suka sauka suka fara nema, kuma cikinsu har da waɗanda suka zo da kuɗi masu yawa.

Dalilinka mai ƙarfi ne, kada ka bari wani ya raina maka shi. Wani mutum ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman izinin fita jihadi. Ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya ce suna nan, sai ya ce masa ya yi jihadinsa a hidimarsu. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Ga shi kuma cututtukan da ka ambata ba irin waɗanda ake tura wa kuɗi a huta ba ne. Hawan jini da suga suna buƙatar sa ido kullum: an sha magani a kan lokaci, ko an daina don an ji jiki ya yi daɗi? An rage gishiri da ɗanɗano a miya? An je asibiti ranar da likita ya sa? Akwai ɗan rauni a ƙafa da ya ƙi warkewa? Gani ya fara raguwa? Iyayenmu ba sa faɗin ciwo a waya. Za ka kira ta ce maka lafiya lau, alhali ta kwana uku ba ta ci abin kirki ba, don dai kada ta tayar maka da hankali kana nesa. Wanda ke shiga ɗakinta da safe shi ke gane ta rame.

To amma wa ke yi mata wannan ɗawainiyar yanzu, kuma idan ka dawo wa zai yi? Na ga gidaje da yawa da namiji ya dawo saboda mahaifiyarsa, amma yana fita kasuwa tun da sassafe sai bayan isha'i, ɗawainiyar kuma ta koma kan matarsa ko wata ƙanwarsa mai nata gidan da nata 'ya'yan. Ku zauna da ƙannenka, maza da mata, ku raba aikin da suna: wa ke kwana da ita, wa ke kai ta asibiti, wa ke sayen magani, nawa kowa zai riƙa bayarwa a wata. A saya mata na'urar awon jini da ta awon suga, a koya wa wani a gidan, a riƙa rubuta sakamakon a littafi don likita ya gani. Idan ba ta da likitan da ke bibiyarta, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana da ƙwararrun waɗannan cututtuka, kuma daga Kumo tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Wannan duka kana iya tsara shi daga inda kake, a makon nan. Ba sai ka jira dawowarka ba.

Yanzu maganar abin yi, wadda ita ce gadon bayan al'amarin.

Gombe ta yau ba wadda ka bari ba ce. Tun da aka cire jihar daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin yake faɗaɗa, kuma rikicin Boko Haram ya sa mutane da yawa daga Borno da Yobe sun dawo nan da iyalansu da jarinsu. Ka leƙa unguwar Tumfure da ke gefen garin ka ga yadda gine-gine suka cinye gonaki. Jihar ta yi iyaka da dukkan sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas, wato Bauchi da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba, shi ya sa kasuwanci ke gudana. Amma aikin albashi mai tsoka bai yawaita ba. Akwai gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi 11, akwai Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere da asibitin koyarwa, akwai rassan bankuna, akwai kamfanin siminti na Ashaka a Funakaye. Ƙungiyoyin agaji sun ɗauki matasa da dama aiki a shekarun baya, amma tun da Amurka ta datse tallafin da take bayarwa a farkon 2025 wannan ƙofar ta ƙuntata. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, kuma albashin jiha a kusa da wannan ma'aunin ake gina shi. Da wuya ka sami abin da zai kamo abin da kake karɓa a Legas, ballantana mutum ɗan shekara 41 ya shiga aikin gwamnati daga farko.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, kana riƙe da sana'a a hannunka kana neman wata. Shekara 14 kana rarraba kaya: ka san sito, ka san direbobi, ka san yadda ake bin bashin 'yan kasuwa, ka san lissafin kayan da suka shiga da waɗanda suka fita. Kamfanonin da ke Legas suna buƙatar mutumin da ya san aikin, yake jin Hausa, kuma zai yarda ya zauna a Arewa maso Gabas, domin ma'aikatansu da yawa ba sa son a turo su nan. Ƙofar farko da za ka ƙwanƙwasa ita ce ta kamfaninka. Ka tambayi shugabanka ko suna da reshe ko wakili a wannan shiyyar, ko suna da niyyar buɗewa, ko za su ba ka dillancin kayansu. In sun ce babu, ka nemi abokan gogayyarsu. In ma Gombe ba ta samu ba, a mayar da kai Bauchi ko Jos ko Kano ko Abuja babban ci gaba ne. Daga Bauchi sai ka zo ka duba Inna ka koma a rana ɗaya. Daga Abuja za ka taso da safe ka kwana a gida, ga kuma jirgi da ke sauka a filin jirgin saman Gombe da ke Lawanti idan ta gaggawa ta taso. Daga Legas kuwa ka fi kowa sanin tsawon hanyar.

Harkar hatsi da ka ambata ita ce kusan kowane mai dawowa ke fara tunani, domin daga nesa tana da sauƙin gani: a saya da kaka, a ajiye, a sayar da bazara ko tsakiyar damina. Amma tsakanin saye da sayarwa akwai hayar sito, kuɗin dako da lodi, la'adar dillalai, maganin ƙwari musamman ga wake, da hatsin da aka sayar maka bai gama bushewa ba ya zo ya rage nauyi ko ya yi fumfuna. Akwai kuma abin da babu wanda ke da iko a kansa. Waɗanda suka ga yadda farashi ya yi ta hawa a 2023 da 2024 suka cika sito da masara da shinkafa, da yawansu sun tafka asara a 2025 da farashin ya faɗo, bayan gwamnatin tarayya ta sassauta shigo da hatsi daga waje. A Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta Gombe, akwai mutanen da suka gaji sana'ar nan, suna damƙar hatsi da hannu su faɗa maka daga yankin da ya fito. Da ɗan gari akan ci gari, kai kuwa duk da a nan aka yanke maka cibiya, a kasuwar nan baƙo ne kai tukuna.

Ban ce kada ka yi ba. Ka gwada da ƙaramin jari tun kana karɓar albashi, ka bi kaka ɗaya daga saye har sayarwa, ka rubuta kowace naira. Idan da ɗan'uwa za ka yi, ku rubuta yarjejeniya da shaidu. Kada kunya ta hana ka, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Zumunci da yawa ya lalace a kan buhunan da ba a rubuta ba. Noman rani a madatsun ruwan Dadin Kowa ko Balanga ma yana kawo kuɗi, amma ka je kasuwar Kwadon lokacin da tumatir ya cika kasuwa ka ga yadda ake rabuwa da kwando, sannan ka yi lissafinka da wannan farashin, ba da na lokacin tsada ba. Kuma gona ba ta yarda da maigidan da ke kula da ita ta waya. Shawarar da nake ba kowa ita ce kada ya zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ya tara a sana'ar da bai taɓa yi ba.

Kuɗin fansho kuwa, ka cire su daga lissafin jari. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, kamfani yana zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a asusun da ke ɗauke da sunanka. Wanda bai kai shekara 50 ba, idan ya bar aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba, abin da aka yarda ya ɗiba bai wuce kashi 25 cikin ɗari ba. Sauran yana nan sai ka kai shekarun. Ke nan kuɗin da kake hange ba za su zo hannunka gaba ɗaya ba, kuma ko wannan rubu'in ni ban so ka taɓa shi sai ta kama dole, domin shi ne guzurin tsufanka. Asusun naka ne, duk inda ka sami sabon aiki a ciki za a ci gaba da zubawa. Abin da ya kamata ka yi tun yanzu shi ne ka karɓi cikakken bayanin asusun daga kamfanin fanshonka, ka bi wata-wata ka tabbatar an zuba duk abin da aka yanka a albashinka. Bin wannan haƙƙin ya fi sauƙi kana ciki fiye da bayan ka fita. Ka kuma tuna inshorar lafiyar da kamfani ke biya muku tana ƙarewa da barin aiki. Jihar Gombe tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, GoHealth, ka je ka ji tsarin da suke da shi na masu zaman kansu, ka sa iyalinka da Inna a lissafi.

Za a ce maka rayuwa a gida ta fi sauƙi. Ta fuskar haya da hatsi da nama gaskiya ne, kuma awannin da kake ɓatawa a cunkoson Legas za su dawo maka. Amma fetur da magani da siminti da kuɗin makaranta mai kyau ba su san kana gida ba, musamman tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023. Ruwan famfo da ake turowa daga Dadin Kowa bai kai kowace unguwa ba, gidaje da yawa daga 'yan ga-ruwa ko tanka suke saye. Zafin Maris zuwa Mayu kuma zai tilasta maka tunanin sola. Sai babban kashe kuɗin da ba ya shiga lissafin kowa, wato hidimar dangi. Kana Legas nisa yana kare ka, sai abin ya yi girma ake kiranka. Kana gida kuwa, ga biki, ga suna, ga rasuwa, ga mara lafiya, ga kuɗin jarrabawar ɗan ƙanwa, kuma tunda Baba ya rasu kai ne uba. Wannan alheri ne, yana cikin abin da ya sa ake dawowa. Amma ka yanke masa adadi a wata, ka sanar da maiɗakinka adadin, in ya ƙare ka iya cewa sai wani watan. Wanda bai koyi wannan ba jarinsa ake ci, shi da masu ci ba wanda ya sani.

Inda za ka sauka ma abin dubawa ne. Ban ba ka shawarar ka kai iyalinka gidan gado ba. Matar da ta yi shekaru tana riƙe da gidanta, a ce rana ɗaya ta koma raba madafa da tsakar gida da matan ƙanne, rigima ake shukawa ko da kowa mutumin kirki ne. Muhalli nata na kanta haƙƙinta ne a shari'a. Ka kama haya a cikin Gombe ko a Kumo kusa da Inna, ka yi shekara kana kallon gari kafin ka sa bulo. Idan ba a raba gadon Baba ba, kada ka gina komai a filin gidan ko a gonar, komai yawan masu ce maka ai duk ɗaya ne. A kira malamai a raba, kowa ya san nasa, mata su karɓi rabonsu, sannan a yi gini. In fili za ka saya a Gombe, ka kai takardunsa hukumar GOGIS mai kula da takardun filaye a tantance kafin ka biya, kuma ka je ka gan shi da damina bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Garin yana fama da zaizayar ƙasa, filin da ke shimfiɗe da rani yana iya zama bakin kwari a watan Agusta.

Ka ce maiɗakinka ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce to ba. Kada ka ɗauki shirun nan a matsayin yarda. Mace mai kunya ba za ta so a ce ita ta hana miji komawa wurin mahaifiyarsa ba, sai ta haɗiye abin da ke ranta. Ka zaunar da ita ka tambaye ta abin da take tsoro. Wataƙila tana da sana'a ko aiki a can, wataƙila makarantar yara ce, wataƙila zama da dangin miji ne, wataƙila kuma jinyar ce take hangen za ta faɗo kanta. Jinyar Inna wajibinka ne kai da 'yan'uwanka. Abin da matarka ta yi kyautatawa ce da za a gode mata, kuma idan ta ji haka daga bakinka za ka ga ta yi fiye da yadda ka zata. Yara kuma a dawo da su a farkon zangon karatu na Satumba, kada a cire wanda ke aji uku na ƙaramar ko babbar sakandare a tsakiyar shekarar jarrabawa. Waɗanda suka tashi a Legas za su ɗan sha tsokana a kan Hausarsu, amma wannan ba ya daɗewa, kuma abin da za su samu na Islamiyya da sanin dangi da zama kusa da kakarsu yana da yawa.

Kafin ka yanke hukunci, ka ɗauki hutunka na shekara ka zo da iyalin, amma ba da Sallah ba. Gidan da kake gani da Sallah kowa ya yi ado, kowa yana murna da kai, kai ne baƙon da ake yanka wa kaza. Ka zo a Maris ko Afrilu, ka zauna zaman ɗan gari: ka sayi ruwa, ka je cefane, ka zaga makarantu ka tambayi kuɗinsu, ka kai Inna asibiti da kanka ka bi layi, ka wuni a kasuwar da kake son shiga. Ka kuma nemi mutum biyu ko uku da suka dawo kafin kai, har da wanda abin bai yi wa daɗi ba, domin shi ne zai fi faɗa maka gaskiya.

Haɗarin irin shawarar da nake ba ka shi ne mutum ya fake da shiri har shekaru su wuce, sai an kira shi a waya da asuba. Don haka ka sa wa kanka wa'adi, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka faɗa wa Inna da maiɗakinka don su riƙe ka da shi. A cikin wa'adin ka nemi abubuwa biyu: hanyar samu da ta riga ta fara kawo abin da zai ɗauki abinci da haya da makaranta, da kuma ajiyar da za ta riƙe gidan aƙalla wata shida ko da ba a samu komai ba, wadda ba ta cikin jari. Kafin nan ka yawaita zuwa gwargwadon iko. Idan kuwa jikin Inna ya yi tsanani, lissafin ya canza. Ka nemi hutu ko da ba albashi, ka taho, sauran a gyara daga baya. Wasu za su ce ka ɗauke ta zuwa Legas. Don ganin likita na ɗan lokaci babu laifi, amma tsohuwar da ta saba da maƙwabta da masu shigowa gaisuwa, zaman bene a garin da ba ta jin yarensu yakan ƙara mata ciwo, kuma yawancinsu ba sa yarda.

Akwai halin da zan ce ka dakata ko wa'adin ya cika: idan akwai bashi mai nauyi a kanka wanda albashin nan ne ke biyansa, ko kuma albashinka ne ke sayen maganin Inna da karatun ƙannenka kuma babu abin da ya maye gurbinsa. A irin wannan hali zamanka a can shi ma hidima ce gare ta. Ka yi istihara, ka kuma tambayi Inna ra'ayinta kai tsaye, domin sau da yawa iyaye sun fi mu ganin nesa a kan abin da ya shafi abincin jikokinsu.

Ranar da za ka ajiye aikin kuma, ka ajiye shi da mutunci. Ka ba da sanarwa gwargwadon abin da takardar ɗaukarka aiki ta tanada, ka miƙa kaya da lissafi a rubuce, ka karɓi takardar sallama da ta shaidar aiki, ka yi bankwana da manya da ƙanana. Mutanen nan su ne za ka koma wa gobe neman dillanci ko kaya a kan bashi, kuma abin da za su tuna shi ne yadda ka fita.